Ciwon da Ba Ya Jini: Jinyar Zuciya Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram zai ratsa Gidan Rumji, ya gota Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Cadawa, ya faɗa Agye, sannan Gazawa, kafin ya kai Tasawa. Hagu da dama gero ne da wake da gyaɗa, can gabas kuma ga gonakin aya, wadda Agye da Gazawa suka yi suna da ita. Daga tagar mota babu abin da zai nuna wa baƙo cewa ƙasar nan tana jinya. Sai an sauka daga kwalta, an yi kudu wajen iyakar Najeriya, an zauna da mutane har hira ta yi nisa, sannan ake jin yawan waɗanda barci ya ƙaurace wa.

Tun daga watan Afrilun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara tsallakowa jihar Maraɗi, suna gudun ɓarayin daji. Kafin ƙarshen watan Mayu na shekarar, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a Nijar aka fi sani da HCR, ta ƙirga kusan 20,000. Zuwa Satumba sun haura 40,000. A ƙarshen Mayun 2020 aka kashe mutum fiye da saba'in rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni ta jihar Sakkwato, wani ayarin ya sake kwararowa, har adadin ya doshi 70,000, mafi yawansu mata da yara. Gundumar Gidan Rumji ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Mutanen ƙauyuka ne suka fara buɗe musu ƙofa, domin Gobirawan can da na nan dangin juna ne, akwai auratayya, kasuwa ma ɗaya ake ci. Daga baya hukuma da HCR suka kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka. Su kuwa ɓarayin ba su tsaya a inda taswira ta ja layi ba: ƙauyukan Gidan Sori da na Tsibiri da na Madarunfa sun ga satar shanu, sun ga kamun mutane ana neman kuɗin fansa.

A waɗannan ƙauyuka babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ke kai amarya. Shi ne kuma abin hawan waɗanda suka zo da dare. Mace tana tsugune tana tankaɗe, wani yaro ya tayar da babur a bayan danga, sai rariya ta suɓuce daga hannunta, gabanta ya yanke ya faɗi, ƙafafu su ƙi ɗaukarta. Ta san sarai ɗan maƙwabcinta ne, amma jikinta bai yarda ba. Da dare ta kwanta da takalmi a kusa da kai, ta farka jiƙe da zufa tana lalubar yaran. In ta je likita ba za ta ce tsoro ke damunta ba. Za ta ce kanta na sarawa, ƙirjinta na zafi, abinci ba ya shiga. A auna jini, a ce babu zazzaɓin sauro, a ba ta farasitamol, ta dawo mako mai zuwa da kukan nan dai.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun san wannan hali. Idan mutum ya ga mutuwa ido da ido, jiki yakan shirya gudu ko kokawa: zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya yi sama, ji da gani su ƙara kaifi. Ga yawancin mutane abin yakan lafa cikin makonni, in dai sun sami wurin kwana, abinci da dangi. Ga wasu kuwa shirin nan ba ya kwancewa. Abin da ya faru ya riƙa dawo musu a farke da cikin barci kamar yanzu ake yinsa, su guje wa duk abin da zai tuna musu, su zama masu saurin fushi, ko su yi shiru kamar ba su a wurin. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a mujallar Lancet a 2019 ya nuna cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan kashi 22 cikin ɗari na jama'a, wato mutum ɗaya cikin biyar, suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga baƙin ciki mai nauyi zuwa razanar da ba ta wucewa. Kowa ya auna wannan da mutum 70,000.

Agye da Gazawa ba su sha ɗanyen aikin ɓarayi kamar yamma ba, ko da yake Gangara ta ƙasar Gazawa tana kallon jihar Katsina. Nasu ciwon ya fi zama a cikin gida, kuma irinsa yana nan ko'ina a jihar. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa kashi 89 ne. Daga nan ake samun yarinyar da ta yi doguwar naƙuda ta rasa ɗan, ta fito da yoyon fitsari, miji ya juya mata baya. Ga matar da ake duka, in ta yi yaji a mayar da ita da la'asar. Ga 'yar talla da wani babba ya ja cikin kango, maganar ta ƙare a zauren mai gari da 'yan jikkuna da alƙawarin rufin asiri. Ga saurayin da ya dawo daga Libiya ba ya son a tambaye shi komai, sai tiramol. Akwai ma tsohon miki: a watan Oktoban 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, an kashe Fulani makiyaya fiye da ɗari, galibinsu mata da ƙananan yara. Waɗanda suka ga ranar suna yara yanzu iyaye ne, wasu ma da jikoki.

Abin da muke ba duk waɗannan mutane ɗaya ne: sai haƙuri. Ba na raina shi. Haƙuri ya riƙe ƙasar nan a yunwar 1984 da ta 2005, kuma gaisuwar jaje da zaman makoki magani ne da ƙasashe masu kuɗi suka rasa. Sai dai akwai haƙurin da ake ba mutum don a taya shi ɗaukar kaya, akwai kuma wanda ake ba shi don ya rufe baki mu huta. Na biyun ne ya fi yawa idan maganar ta shafi fyaɗe.

Ikilisiya ƙarama, tsohuwar sana'a

To, ina ikilisiya take a wannan jinya? Kiristoci a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma jihar Maraɗi ce cibiyar Hausawa masu bi. Mishan ɗin SIM ya shigo ƙasar a 1924 ta Damagaram, a ƙarshen shekarun 1920 ya kafa tasha a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, wanda yau yake cikin gundumar Gidan Rumji. Daga wannan aiki ne ikilisiyar EERN ta fito a farkon shekarun 1960. A Agye akwai makarantar Littafi Mai Tsarki da ke horar da fastoci da masu bishara da Hausa. Katolika kuma suna da nasu yankin bishop na Maraɗi tun 2001. Malama Barbara Cooper, masaniyar tarihi 'yar Amurka, ta rubuta littafi guda a 2006 a kan waɗannan masu bi da zamansu tsakanin Musulmi.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne irin cutar da mishan ya zaɓa ya yi jinya. A Danja, kudu da Maraɗi, an buɗe asibitin kutare a 1956. A nan Danja ɗin dai aka buɗe cibiyar ɗinkin yoyon fitsari a 2012. Kuturta da yoyon fitsari duk cututtuka ne da ke fitar da mutum daga cikin jama'a, su sa a ware masa kwano. Ma'aikatan wurin sun daɗe da sanin cewa ana iya ɗinke mace tsaf, ta daina yoyo, amma ta kasa ɗaga ido ta dubi mutane. Ke nan ikilisiyar yankin ba baƙuwa ba ce a harkar ciwon da ake ɓoyewa. Tambayar ita ce ko ta iya ciwon da babu allurar da za ta ɗinke shi.

Sau da yawa ba ta iya ba, kuma kuskuren nata iri biyu ne. Na farko gaggawar gafara. Yarinya ta kai kuka wurin matar fasto, a kira dattawan ikilisiya, kafin hawayenta su bushe an buɗe mata aya a kan yafe wa wanda ya yi maka laifi. Idan mai laifin ɗan ikilisiya ne, sai a ƙara da cewa mu 'yan kaɗan ne, kada a ba maƙwabta abin faɗa. A nan gafara ta zama murfin tukunya, mai laifi ya koma kujerarsa ranar Lahadi, ita kuwa ta daina zuwa sujada, a ce bangaskiyarta ta yi sanyi. Na biyu shi ne mayar da kowace firgita aikin aljanu. A ƙasar da bori ya kafu, kuma ruƙiyya ta yawaita, ba abin mamaki ba ne wasu majami'u su ma su amsa da tsawa da azumi da kwanan addu'a. A kewaye wadda aka yi wa fyaɗe, maza na ihu a kanta, ana danne ta: wannan maimaita mata abin da ya same ta ne. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2019 cewa a Najeriya ana ɗaure masu taɓin hankali da mari a asibitocin gwamnati da gidajen masu maganin gargajiya da cibiyoyin addini, na Musulmi da na Kirista duka. A shekarar ce 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna.

Abin mamaki, littafin da fasto ke riƙe da shi bai san wannan gaggawa ba. A Sama'ila ta Biyu sura 13 akwai labarin Tamar 'yar Sarki Dawuda, wadda ɗan ubanta Amnon ya yi wa fyaɗe. Ɗan'uwanta Absalom ya ce ta yi shiru, uban ya husata amma bai hukunta kowa ba, ita ta ƙare a kaɗaice, gidan kuma ya ƙare da zubar da jini. Labari ne da ya yi kama da zauren mai gari ƙwarai, kuma da wuya ka ji an yi wa'azi a kansa. Kaso mai yawa na Zabura kuka ne da ƙorafi ga Allah, Zabura 88 ma ta ƙare babu ko kalmar sauƙi. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suka fara ɓata lamari. Annabi Iliya da ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru.

A kan irin waɗannan nassoshi ne wasu ma'aikatan fassarar Littafi Mai Tsarki da masana lafiyar ƙwaƙwalwa su huɗu, Harriet Hill da Margaret Hill da Richard Baggé da Pat Miersma, suka gina darussan da aka buga a Nairobi a 2004 da sunan Healing the Wounds of Trauma. Da fastocin ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita aka fara gwada su, yanzu kuma ana koyar da su cikin harsuna masu yawa. Tsarin ba shi da wuya. Mutum kaɗan ne, a zauna a da'ira, a karanta ƙagaggen labarin wani gari da aka kai wa hari, a tattauna halin mutanen labarin, ta haka kowa zai taɓo nasa ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Ana koya wa mai sauraro tambayoyi uku kacal: me ya faru, yaya ka ji, me ya fi yi maka wuya. Bayan nan ya kama bakinsa. Akwai zaman da kowa zai tsara nasa kukan ga Allah, wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki ko ya rera. Akwai zaman da za a rubuta abin da ya fi ci wa mutum rai a 'yar takarda, ko a sa alama, a kai gindin gicciye a ƙone. Darasin gafara yana can wajen ƙarshe, kuma yana cewa a fili yafewa ba ta hana a kai mai laifi gaban shari'a, ba ta kuma tilasta wa kowa komawa hannun wanda ya cuce shi.

A ganina wannan jerin shi ne dukan hikimar. Zumuntar Mata, wadda a kowace majami'ar Hausa ita ce ke dafa abincin biki da na makoki, ta riga ta mallaki da'irar da waƙar da amanar. Abin da ya rage mata shi ne horon yin shiru.

Inda addu'a za ta miƙa wa likita

Amma zaman majami'a ba asibiti ba ne, kuma fasto nagari ya kamata ya san iyakarsa. Wadda aka yi wa fyaɗe tana da awa 72 ta fara shan maganin da ke kare ta daga sida, da kwana biyar na maganin hana ɗaukar ciki. Duk daren da aka ɓata ana shawarar dangi, daga cikin waɗannan awoyi ake cirewa. Wanda yake maganar kashe kansa, ko ya daina ci, ko yake jin muryoyi, ko mai jegon da ta ƙi jaririnta, wurin ma'aikacin lafiya za a kai su a ranar, a yi addu'ar a hanya.

Matsalar ita ce likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a Yamai, inda sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, Pavillon E, ya zama sunan da ake tsokanar mutane da shi. Ba za a jira su iso Gazawa ba. Saboda ƙasashe irin namu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, don a koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti gane waɗannan larurori da jinyarsu. A 2013 ta ba da shawarar kada a ba wanda ya firgita ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam a watan farko, abin da masu tallar magani a kasuwanninmu ke sayarwa kamar alewa. A 2016 kuma ta fitar da wani tsari na zama biyar, wanda mutumin da ba likita ba zai iya gudanarwa in an horar da shi: sarrafa numfashi, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa ƙananan ayyukan yau da kullum, da neman mutanen da za a jingina da su.

Ko magana kawai tana warkarwa? An gwada. A gabashin Kwango, masu bincike na jami'ar Johns Hopkins da ƙungiyar agaji ta IRC sun yi aiki da mata 405 da aka yi wa fyaɗe, a ƙauyukan da rikici bai ma ƙare ba, da yawansu ba su yi boko ba. Wasu aka ba su tallafin da aka saba, wasu kuma aka sa su cikin jinyar rukuni ta zama goma sha biyu, wadda mataimakan jinya na yankin suka jagoranta. A zaman ana bin tunanin da ya maƙale wa mace ɗaya bayan ɗaya, irin su laifina ne da na fita itace, ko na zama ƙazama, ana auna shi da gaskiya har ya saki. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa wata shida bayan gamawa, kashi 9 cikin ɗari ne na 'yan rukunin ke da alamun baƙin ciki ko fargaba mai tsanani, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 42. A can Kwango ɗin ne Dakta Denis Mukwege, ɗan fasto, ya kafa asibitin Panzi a 1999, ya kuma sami kyautar Nobel a 2018. Tsarinsa ƙafa huɗu gare shi: jinyar jiki, jinyar zuciya, lauya, da sana'a. Bai ga saɓani tsakanin bangaskiyarsa da ko ɗaya daga ciki ba. Ƙafa ta huɗun nan kada a raina ta. Matar da ba ta san abin da za ta ɗora a murhu gobe ba, ba numfashi ne zai kwantar mata da hankali ba, akuya biyu ko jarin ƙuli-ƙuli na iya fin zama uku amfani.

Saura magana mai ƙaiƙayi. Kusan duk waɗanda suka tsallako daga Najeriya Musulmi ne, haka masu masaukinsu. Idan majami'a ta shiga wannan aiki da ƙugiya a cikin tuwo, wato jinya a hannun dama, neman tuba a hannun hagu, ta ci amanar mai rauni, ta kuma jawo wa kanta wuta. Wutar kuwa ba a baki kawai take ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu. A watan Yunin 2019 an cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu da ke unguwar Zariya a Maraɗi wuta bayan kama wani limami. Shugabannin Kirista sun fito a 2015 sun ce sun gafarta, kuma wannan ya taimaka ƙwarai wajen kashe fitina. Sai dai gafarar shugaba a rediyo ba ta shiga mafarkin yaron da ya ga ana fasa ƙofar gidansu. Masu bi na jihar nan su ma majinyata ne, ya kamata su fara da nasu. Ga maƙwabci Musulmi kuwa, abin da Kirista zai ba shi kunne ne da rakiya zuwa likita, ta'aziyyar nassi kuma limaminsa yana da ita, Ayuba da Yakubu da Yusufu suna cikin Alƙur'ani. Horon sauraro da za a haɗa fasto da liman da ungozoma da malamin lakwal a ɗaki ɗaya zai fi wanda kowa zai yi a tsakar gidansa.

Kuɗin baƙi kuma ba abin dogaro ba ne yanzu. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantakar hukuma da ƙungiyoyin agaji na waje ta yi tsami, a farkon 2025 an sallami ƙungiyar agaji ta ICRC daga ƙasar, Amurka kuma ta datse mafi yawan tallafinta a duniya a shekarar. Abin da zai ɗore shi ne wanda ke cikin manhajar makarantar Agye, da littafin aikin majalisar dattawan kowace ikilisiya, da horon ma'aikatan asibitocin karkara. Wasu ƙa'idoji ba sa cin ko dala: kada namiji ya saurari mace shi kaɗai a ɗaki a rufe, duk ƙarar da ta shafi yaro a kai ta ga jandarma ko alƙalin yara ko da wanda ake zargi dattijon ikilisiya ne, kuma abin da aka faɗa a da'ira kada ya fita, ko da sunan neman addu'a. Wannan ta ƙarshe ta fi wuya a ƙauyen da kowa ya san muryar kowa ta bayan zana, shi ya sa wasu matan suka gwammace su biya kuɗin babur zuwa asibitin wani gari, inda ba a san mijinsu ba.